Araha da Tsafta: Sayen Na'urorin Gida a Rusairis

Akwai kalmomi huɗu da mai koyon Hausa yakan cakuɗa idan ana zancen ciniki, wato araha, rangwame, ragi da gwanjo. Araha ita ce sauƙin farashi, kishiyar tsada. Rangwame sassauci ne da mai kaya yake yi don kansa, ko don ya ga salla ta matso, ko don kayan sun daɗe a shago. Ragi kuwa mai saye ne yake roƙonsa, sai ka ji ya ce, "A yi mini ragi mana." Gwanjo asalinsa sayar da kaya ga wanda ya fi kowa tayi, amma yanzu an fi faɗinsa ga kayan da wani ya riga ya yi amfani da su. A wannan darasi za mu ga yadda kalmomin suke aiki a cikin zance, ta hanyar duba abin da magidanci ya kamata ya lura da shi idan zai sayi na'urar tace ruwa, ko ta gyara iskar ɗaki, ko ta shara. Misalinmu ba daga Kano ko Maraɗi za mu ɗauko shi ba, daga Rusairis ne, a ƙasar Sudan.

Rusairis gari ne a gabashin gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da ya gangaro daga tsaunukan Habasha, yana fuskantar Damazin, babban birnin jihar. Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan yanki. Wasu alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har ya kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Daga baya noman auduga na Jazira, wanda ya kankama a 1925, ya jawo ƙarin jama'a. Hausar waɗannan mutane ta ari kalmomi da yawa daga Larabcin Sudan, kamar yadda Al-Amin Abu-Manga ya nuna a littafinsa na 1999, saboda haka kada ɗalibi ya yi mamaki idan ya ga mun kawo sunan wani abu da Larabcin kasuwa.

Ruwa

Da ruwa za mu fara, domin nan ne kuskure yake kai mutum asibiti. An kammala madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawo da mita 10 a aikin da aka buɗe a 2013, amma zama kusa da madatsa bai sa kowane gida ya sami famfo ba. Ƙauyuka da yawa daga kogi suke sha, ko rijiya, ko hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. A Jazira kuma akwai masu ɗiba daga magudanan ban ruwa. Masu amalanken jaki ne suke kai ruwan ƙofar gida a cikin ganga, a biya su.

Da damina wannan ruwa jajir yake zuwa, ɗauke da laka. Tun da Habasha ta fara cika babbar madatsarta a 2020, tana riƙe kaso mai yawa na lakar da a da take saukowa, amma ƙoramun yankin da hafir suna nan yadda suke. Laka ita ce abu na farko da mai sayen matata zai tuna, domin kusan duk na'urorin da ake shigowa da su an ƙera su ne don ruwan famfo wanda ya riga ya yi garau.

Ɗauki na'urar da ta fi jan ido a shago, mai kwalabe biyar ko shida a jere, wadda take tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata. Tana cire gishiri da ƙwayoyin cuta, babu shakka. Sai dai tana bukatar wutar lantarki da ruwa mai ƙarfin gudu, kuma irin ta gida takan zubar da lita uku ko fiye kafin ta ba da lita ɗaya ta sha. Wanda yake sayen ruwa ganga-ganga ya yi lissafi da kansa. Idan kuma aka ba ta ruwa mai laka, kwalaben farko sukan toshe cikin ɗan lokaci, sai an sake su. Dillali zai iya yi maka rangwame mai tsoka a kan na'urar, amma ba zai yi maka a kan kayan canjinta ba, kuma su ne za ka dinga saye har ranar da ka gaji. Haka nan mai fitila da ke kashe ƙwayoyin cuta da haske: hasken ba ya ratsa ruwa mai dauɗa, kuma idan aka ɗauke wuta ta zama bututu kawai. Ita kuwa ƙaramar matata mai gawayi a ciki, wari da ɗanɗano take gyarawa, ba ta hana kwalara.

Wadda ta fi dacewa da gidan da ba famfo ita ce mafi ƙanƙantar kuɗi: bokiti biyu, ɗaya a kan ɗaya, da wani dunƙulen yumɓu mai kama da kyandir a tsakani. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓun, yawancin ƙwayoyin cuta su tsaya a sama. Ba ta cin wuta, idan ta toshe a goge ta da buroshi. Aibinta biyu ne. Ba ta tare mafi ƙanƙantar ƙwayoyin cuta, wato bairos, yadda ya kamata, kuma idan yumɓun ya tsage, ko da tsagar ba ta fi silin gashi ba, aikinta ya ƙare. Don haka wannan ba abin saye a gwanjo ba ne. Idan ka ga tana zubo ruwa da sauri, kada ka yi murna.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga mutanen Sudan. Randarsu ta ƙasa, wadda suke kira zir, ana ɗora ta a kan maɗori, a sa kwano a ƙarƙashi ya tari ruwan da yake ɗiga, sanyi ƙalau kuma garau. Matan ƙauye sun daɗe suna daka irin zogale su zuba a ruwa don laka ta kwanta, har ma ana kiran zogale da Larabcin ƙasar itacen rawwaƙ, wato mai sa ruwa ya washe. Wasu kuma alam suke sawa. Tsarin da ya fi hankali shi ne a haɗa tsoho da sabo: a bar ruwa ya kwanta, a tsiyaye, a tace, sa'an nan a jefa ƙwayar kulorin a jira minti 30, ko a tafasa. Jeren yana da muhimmanci, domin kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Ruwan magudanan Jazira kuma, inda tsargiya ta yi ƙaurin suna, idan aka ajiye shi kwana biyu tsutsar cutar takan mutu. A lura fa, washewar ruwa ba ita ce tsarkinsa ba. Annobar kwalara da hukumomin Sudan suka ayyana a watan Agusta na 2024 ba ta bar masu shan ruwa garau ba.

Iska da daɓe

Ƙura ce take sa mutane tunanin na'urar tace iska, musamman a ƙasar da ta san guguwar habub. Na'urar tana aiki idan ɗaki a rufe yake ruf, ga wuta, ga kuma sabuwar matata duk bayan wasu watanni. A ɗakin da taga take buɗe dare da rana saboda zafi, kamar zuba ruwa a rariya ne. Bugu da ƙari, abin da ya fi cutar da huhun mutanen gida ba daga waje yake shigowa ba, hayaƙin itace da gawayin girki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta. Magidancin da yake da kuɗin abu ɗaya kawai, gara ya sayi tukunyar gas ko ya buɗe wa madafa taga da ya ɗauko na'urar da za ta zauna a falo.

Akwai kuma na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa, wadda 'yan kasuwa suke kira mukayyif. Fanka ce take jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen ƙaiƙayi, iskar ta yi sanyi, ƙura kuma ta ɗan ragu. Ba ta cin wuta kamar mai iskar gas, kuma kowane makaniki zai iya gyara ta. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe, babu kamarta. Amma Rusairis ta fi Khartum ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma da zarar damina ta sauka iska ta yi laima, sanyin na'urar sai ya ragu ƙwarai. Wanda aka yi wa rangwame a kanta a watan Yuli ya san dalili. Idan kuma aka bar ruwa a cikinta ba a aiki da ita, ta zama gidan sauro.

Zancen injin shara gajere ne. Don darduma da tayil aka yi shi, kuma da yawa suna jan wat 1,000 zuwa sama, abin da ƙaramar sola ba za ta ɗauka ba. A tsakar gida mai ƙasa, yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya ya fi shi amfani. Kuɗin da za a kashe masa, da an yi daɓen siminti da shi ya fi. A ƙasar Meziko an gwada wannan a gidajen talakawa tun daga shekarar 2000, aka ga gudawa da tsutsar ciki sun ragu a tsakanin yara.

Kayan gwanjo

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya sake wa kalmar gwanjo nauyi. Wad Madani ta fita daga hannun gwamnati a Disamba 2023, ta dawo a Janairu 2025. Sinja, wadda take kan hanyar Damazin, ta kasance a hannun RSF daga Yuni zuwa Nuwamba 2024, abin da ya datse hanyar kaya zuwa kudu. Fam ɗin Sudan ya faɗi warwas, takardar garanti kuma ba ta da amfani idan shagon da ya ba da ita ya rufe. A cikin wannan hali ne aka wawashe gidaje da yawa a Khartum da Jazira, kuma kafofin labarai sun ba da rahoton kasuwannin da ake kasa firiji da fanka da mukayyif na sata a farashin banza. Hausawan jihar Shuɗin Nilu, waɗanda rikicin Yuli da Oktoba na 2022 ya raba dubbansu da gidajensu, sun san ciwon barin kaya a baya.

Saboda haka tambayar farko ga dillali ba "Nawa ne?" ba ce. Ana fara cewa, "Daga ina kayan nan suka fito?" Bahaushe yana cewa araha ba ta ado, kuma idan arahar ta wuce hankali, ko kayan sun lalace ne ko suna da mai su. Idan amsa ta gamsar, sai a nemi a jona na'urar a gani tana aiki, a duba ko ta dace da wutar ƙasar, wadda take wajen bolt 230, a kuma tambayi kuɗin kayan canjinta da shagon da ake samunsu a Damazin. Bayan haka ne mai saye zai taya. Idan tayin bai kai ba, mai kaya ya ce, "Albarka." Idan ya kai, ya ce, "Na sallama, kawo kuɗi."