Jagorar Baƙo Zuwa Babban Gidan Wasanni na Ikko

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, waɗanda gayyata ko wata hidima za ta kai su Babban Gidan Wasanni na Ƙasa.

Inda yake. Gidan yana unguwar Iganmu a Ikko. Baƙo ba ya ɓata, gama tun daga nesa ake hango shi, siffarsa kamar hular hafsan soja. Jirgin ƙasan birni da ya fara aiki a 2023 tsakanin Marina da Mile 2 yana da tasha kusa da shi.

Asalinsa. An soma ginin a zamanin Janar Gowon, aka gama a 1976, bisa fasalin wani zaure na birnin Varna a ƙasar Bulgeriya. Dalilin gina shi kuwa shi ne bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, na 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna. An tsara babban zaurensa domin mutum 5,000, ban da ɗakunan silima da na taro. Bayan ya daɗe a lalace, bankunan ƙasar nan suka ɗauki nauyin gyaransa. A 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka, aka sāke buɗe shi ran 1 ga Oktoba, 1 ga watan murnar 'yancin kai, 2025.

Abin lura. Tsarin gidan wasa dabam yake da na fada, a nan ne kuwa baƙi suka fi samun tangarɗa.

1. Malami ya rubuta wa masu gidan tun da wuri, ya faɗi rana da yawan 'yan rakiya, domin kujeru a ƙidaye suke, kowa da tikitinsa.

2. A yi sammako, saboda cunkoson motocin Ikko. Agogo ake bi wajen fara wasa, ba a jiran mai sarauta.

3. Maroƙa da makaɗa su tsaya daga waje. Da zarar an rage fitilu, sai kowa ya yi shiru, a bar gaisuwa sai an tashi.

Hakimin da ya makara, ko ya zo da mutum ashirin alhali kujera biyar aka keɓe masa, zai ga jama'arsa tsaye a bakin ƙofa gaban baƙin ƙasashe. Kunyar nan ba tasa ba ce shi kaɗai, har da masarautar da ta aiko shi. Saboda haka malamai su kiyaye ƙwarai.