Webina da Amfaninsa ga Mai Kasuwanci ta Intanet

Webina taro ne na ƙara wa juna sani da ake yi kai tsaye ta intanet. Mutum ɗaya ko 'yan kaɗan suna jawabi a kan wani batu, jama'a kuma suna kallo suna saurare ta waya ko kwamfuta, kowa daga inda yake. An ƙera sunan ne daga kalmomin Turanci biyu, ɗaya mai nufin yanar gizo, ɗayar kuma taron bita. Ba daidai yake da kiran bidiyo na yau da kullum ba, inda kowa ke da ikon buɗe baki. A webina ragama tana hannun mai shirya taro: shi ke nuna hotuna da rubutu a allo, shi ke ba da damar magana, sauran kuma su rubuta tambayoyinsu ko su danna maɓallin ɗaga hannu. Haka nan ya bambanta da bidiyon da aka naɗa aka ɗora a YouTube, domin shi yana da rana da lokaci, kuma mai kallo na iya tare mai jawabi da tambaya. Yawanci yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya.

Manyan kamfanoni ne suka fara cin moriyarsa. Tun ƙarshen shekarun 1990 kamfanin WebEx na Amurka yake sayar da hanyar yin taro ta intanet, har Cisco ya saye shi a 2007 a kan dala biliyan 3.2. Ɗaya daga cikin injiniyoyinsa, Eric Yuan, ya ajiye aiki ya kafa Zoom a 2011, manhajar ta shiga kasuwa a 2013. Duk da haka abin bai zama ruwan dare ba sai da annobar korona ta rufe ofisoshi da makarantu da ɗakunan taro a 2020. A Disambar 2019 masu shiga tarukan Zoom a rana miliyan 10 ne; zuwa Afrilun 2020 kamfanin ya ce sun kai miliyan 300, ko da yake a wannan ƙidaya wanda ya shiga taro biyu a rana sau biyu ake lissafa shi. A cikin shekarar ce kuma Google ya buɗe manhajar Meet kyauta ga kowa. Annoba ta wuce, sabo ya zauna, har ƙananan 'yan kasuwa suka gane cewa abin da ake yin taron ofis da shi yana iya jawo masu saye.

Babbar matsalar ciniki ta intanet ita ce rashin yarda. A kasuwa mai saye yana taɓa kaya, ya jujjuya, ya dubi idon mai shago, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. A intanet kuwa hoto ne a gabansa da lambar asusun banki, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama, kuma ba a rasa wanda ya taɓa tura kuɗi aka aiko masa da abin da bai yi kama da na hoto ba, ko ma aka toshe lambarsa. Webina yana dawo da wani yanki na waccan haɗuwa ta ido da ido. Idan mutum ya yi awa guda yana bayani a kan sana'arsa, ana jefo masa tambayoyin da bai shirya musu ba, ba shi da wurin ɓuya. Ana iya sato hoto daga shafin wani, ana iya sayen kalaman yabo, amma amsa tambaya nan take sai wanda ya san abin. Wannan shi ne ginshiƙin amfanin webina, sauran fa'idojin a kansa suke zaune.

A ɗauki misalin mai sayar da kayan sola. Idan ya tallata batir da inbata da farashinsu, ɗaya ne cikin ɗaruruwan masu irin wannan talla, kuma mai saye zai bi mafi araha. Idan kuma ya kira taro a kan yadda ake lissafin wutar da gida ke buƙata, labari ya canza. Zai nuna cewa dutsen guga ɗaya na iya jan wutar da ta fi ta fankoki goma, ya bayyana dalilin da ya sa firij ke jan wuta mai yawa a daidai lokacin da injinsa ke tashi, ya faɗi abin da ya sa ba a so a zuƙe batirin ruwa fiye da rabi alhali na lithium yana jure fiye da haka. Wanda ya saurara ya fita da ilimin da zai amfane shi ko ya saya ko bai saya ba. Ranar da ya tashi saye kuwa, da wuya ya tsallake wanda ya koya masa ya tafi wurin baƙo. Akwai ma ribar da ba a cika lissafawa ba: kwastoman da ya fahimci kaya kafin ya saya ba ya dawowa bayan wata biyu yana faɗa cewa an cuce shi.

Daga nan ake gane ƙa'idar da masu wannan harka suka fi bi, wato koyarwa ta cinye mafi yawan lokaci, tallar kaya ta zo a 'yan mintocin ƙarshe. Wanda ya juya tsarin, ya buɗe taro da yabon hajarsa, zai ga adadin mahalarta yana zubewa a gefen allo. A ɗakin taro kunya takan riƙe mutum a kujera, domin tashi a fita a gaban jama'a abu ne mai nauyi. A webina danna maɓalli ɗaya ne, babu wanda zai waiwayo.

Ba kowace haja ce ke buƙatar wannan wahala ba. Webina ya fi dacewa da abin da ke da tsada, ko mai wuyar fahimta, ko wanda sai an yi shawara kafin a saya: manhajojin lissafin shago, kwasa-kwasan koyon sana'a, abincin kaji da na kifi da magungunansu, injinan sarrafa amfanin gona, hidimar fitar da kaya waje, ko neman wakilai da 'yan sari a wasu garuruwa. Mai sayar da takalma ko atamfa hoto mai kyau da farashi sun ishe shi. Idan yana son fitowa kai tsaye, abin da ya fi masa shi ne baje koli ta bidiyo, irin wanda kamfanin Alibaba ya buɗe a China a 2016 da sunan Taobao Live, inda ake ɗaga kaya ana saye nan take. Wannan wata sana'a ce daban.

Amfani na biyu yana cikin rajista. Kafin a ba mutum adireshin shiga taro, yakan rubuta sunansa da imel ko lambar waya. Wannan jerin sunaye ya fi tarin mabiya a shafukan sada zumunta daraja, saboda dalilai biyu. Na farko, mutanen da suka ware awa guda don jin bayani a kan batir ko kiwon kaji sun riga sun nuna inda zuciyarsu take. Da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Na biyu, mabiya ba na ɗan kasuwa ba ne, na mai shafin ne. Kamfanin ke zaɓar wanda zai ga saƙo da wanda ba zai gani ba, kuma ana iya wayar gari ƙofar a rufe. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke baki ɗaya na kimanin awa shida. A Najeriya gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022, masu kasuwanci a can suka rasa hanyar kaiwa ga kwastomominsu. Wanda ke riƙe da lambobi da imel a hannunsa irin wannan ba ya tsayar da shi.

Sai dai waɗannan bayanai amana ce, kuma doka ta shigo ciki. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanan mutane a Mayun 2018, Najeriya ma ta yi tata a 2023. Abin da suka haɗu a kai shi ne a faɗa wa mutum abin da za a yi da bayanansa, kuma ya samu hanyar cewa a daina aiko masa da saƙo. Ɗabi'ar kwashe lambobin mahalarta a zuba su a zauren WhatsApp ba tare da izini ba, ko a miƙa wa wani ɗan kasuwa, tana rushe yardar da aka sha wahala aka gina.

Ta fuskar kuɗi, bambancin a fili yake. Taron ido da ido yana cin kuɗin ɗaki, kujeru, lasifika, janareta, abinci da ruwa, ga kuɗin mota a kan kowane mahalarci. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100 na tsawon minti 40, Meet na kyauta mutum 100 na awa ɗaya. Wanda ke son fiye da haka, ko tsarin webina cikakke mai rajista da rahoton mahalarta, sai ya biya. Wasu kan kauce wa wannan iyaka su yi ta YouTube ko Facebook ko Telegram, inda jama'a masu yawa ke iya shiga, ko da yake a nan sai an yi dabarar karɓar rajista a gefe.

Nisa kuma ya daina zama shamaki. Mai jawabi da Hausa daga Kano na iya tara masu saurare daga Maraɗi, Garwa, Kumasi da Jidda a zama ɗaya, in dai ya kula da agogo: ƙarfe 8 na dare a Kano daidai yake da 8 a Nijar da Kamaru da Chadi, amma 7 ne a Ghana, 9 a Sudan, 10 a Saudiyya. Taron da ya ci karo da lokacin salla kuwa rabewa yake yi, shi ya sa bayan isha'i ya fi karɓuwa ga irin waɗannan mahalarta. Akwai kuma waɗanda zuwa ɗakin taro a otal ke yi musu wuya, musamman matan aure masu sana'a a cikin gida. Ta waya sukan shiga, su kashe kamara, su yi tambayarsu a rubuce.

Tambayoyin nan su kansu dukiya ne. Manyan kamfanoni suna kashe kuɗi mai yawa don gano abin da ke hana mutane sayen kayansu, mai webina kuwa ana kawo masa amsar har gida. Idan mutum goma suka tambayi ko akwai biya kaɗan-kaɗan, ya san matsalar ba ingancin kaya ba ce. Idan ana ta maimaita tambaya ɗaya, bayanin da ke shafinsa ne bai fita ba. Bayan an tashi kuma, naɗin taron ba ya mutuwa: a aika wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a yanka shi gajeru-gajeru don TikTok da Instagram, a mayar da amsoshin rubutu.

Cikas ɗin da ke akwai ba ƙarami ba ne, musamman inda wuta da sabis ba su da tabbas. Awa ɗaya ta bidiyo na iya cin data kusan gigabait guda, wani lokaci fiye, kuma a Najeriya hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ke nan taron da ake kira kyauta mahalarci yana biyan wani abu daga aljihunsa, don haka yana da haƙƙin a ba shi abin da ya kai kuɗin. Masu lura sukan rage nauyin bidiyo, su dogara da murya da hotuna marasa motsi. Murya ma ita ce kan gaba: mutane na haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa zama idan sauti yana yankewa. Akwai kuma 'yan kutse. A 2020 sun addabi tarukan Zoom da ihu da hotunan batsa, har kamfanin ya mayar da kalmar sirri da ɗakin jira tsarin da kowane taro ke farawa da shi. Wanda ya watsa adireshin shiga a fili ga kowa ya buɗe musu ƙofa.

Wata illar daga cikin gida take. 'Yan damfara sun gane ƙarfin wannan hanya, suna kiran taron koyar da yadda kuɗi ke ninkuwa cikin mako, a nuna hotunan motoci da shaidar shigar kuɗi, a ƙare da cewa gurbi saura kaɗan. Wasu kuma sukan saki tsohon naɗi su ce kai tsaye ne, har da tambayoyin bogi. Alamar da ke raba su da na gaskiya ita ce ko mahalarci ya fita da wani ilimi da zai iya aiki da shi ba tare da ya biya ko sisi ba, da kuma ko an bar tambaya mai zafi ta samu amsa.

A ƙarshe akwai lissafi, domin tafi da yabo ba ciniki ba ne. Lambobi huɗu ake dubawa: nawa suka yi rajista, nawa suka zo, nawa suka zauna har ƙarshe, nawa suka saya. Kaso mai yawa na masu rajista ba sa zuwa, abin da ya sa ake tura tunatarwa kwana ɗaya kafin taro da kuma awa ɗaya kafin a fara. Kowace lamba tana nuna wurin gyara: rajista kaɗan na nufin batun ko tallarsa bai ja hankali ba, ficewa a tsakiya na nufin jawabin ya yi tsawo ko ya koma talla, zama har ƙarshe ba tare da saye ba kuma yakan nuna farashi ne ko tayin bai fito sarari ba. Yawancin cinikin ma ba a cikin taron yake faɗawa ba. Yakan zo ne ta saƙon da aka bi mahalarta da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, tun abin yana da ɗumi, ga naɗin taro, ga amsar tambayoyin da lokaci bai kai gare su ba. Kaya masu tsada kuwa, irin su injin niƙa ko solar gida sukutum, mai saye na iya ɗaukar watanni yana tara kuɗi, don haka ana ci gaba da lissafin taro ɗaya har bayan an yi na biyu da na uku.