Babu dokin katako a Iliyad: abin da fim ɗin Troy ya ƙara da wanda ya yar

Wani dare bayan yankan riɗi a Fashaga, na tarar da samari sun yi dafifi kan waya guda suna kallon Troy, fassarar Larabci na gudu a ƙasa. Da aka jawo ƙaton dokin katako cikin birni, wani ya ce, "Kai, Homa ya iya labari!" To fa, a Iliyad ɗin Homa babu dokin nan.

Iliyad waƙar Girkawa ce mai babi 24 da layi sama da 15,000, kuma ba ta ba da labarin yaƙin duka ba. Makonni kaɗan ta ɗauka daga shekara ta goma na yaƙin Taroi: fushin jarumi Akilis bayan sarki Agamemnon ya ƙwace masa baiwa, janyewarsa daga fage, da abin da hakan ya jawo. A jana'izar Hekta ta tsaya, Akilis na raye, ganuwa na tsaye. Zancen doki sai a Odisi, ɗaya waƙar.

Fim ɗin, wanda Wolfgang Petersen ya ba da umarni a 2004, Brad Pitt ya fito a Akilis, ya dunƙule shekara goma cikin 'yan makonni, ya haɗa da doki da ƙone birni. Wannan ban ga laifinsa ba, mai kallo na son ganin ƙarshe.

Inda aka yi babban gyara shi ne allolin Girkawa, an share su kakaf. A waƙar, da Menelawus ya kusa hallaka Faris, Afrodait ce ta sure shi daga fage. A fim kuwa Faris rarrafawa ya yi ya kama ƙafar yayansa, Hekta ya soke Menelawus nan take. Alhali a wajen Homa Menelawus ya koma gida da matarsa Helen. Haka Agamemnon: fim ya kashe shi a Taroi don ran mai kallo ya yi sanyi, amma a labarin Girkawa sai da ya isa gida matarsa ta ga bayansa. Homa bai yi wa kowa alkawarin azzalumi zai faɗi a fage ba.

Wuri guda suka haɗu, kuma nan samarin suka yi tsit. Tsohon sarki Firiyam, wanda Peter O'Toole ya taka, ya shiga tantin Akilis da dare, ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa, yana roƙon gawa ya binne. A waƙar har kuka suka yi tare, suka ci abinci. A wannan yanki na iyakar Sudan da Habasha, inda aka daɗe ana taƙaddama kan gonaki, inda kuma dubban 'yan gudun hijirar Tigray suka tsallako a ƙarshen 2020, ba sai an yi wa kowa bayanin uba mai neman gawar ɗansa ba.

Mai karanta Larabci yana da hanya: Sulaiman al-Bustani ya fassara Iliyad cikin waƙe, aka buga a Alƙahira a 1904, shekara ɗari cif kafin fim ɗin. Dokin da aka yi fim da shi kuwa yana nan girke a bakin teku a Canakkale ta Turkiyya, ba nisa da kufan Taroi.