2.4 Matsalar Inganci a Ƙwayoyin Sola na Ferofskait da Ake Bugawa

A wannan sashe za a duba dalilin da ya sa ƙwayar sola ta ferofskait da ake bugawa ba ta kai takwararta ta ɗakin gwaji inganci ba. Abin da ake nufi da inganci a nan shi ne kashi nawa cikin ɗari na hasken rana ƙwayar ke iya mayarwa wutar lantarki.

A shekarar 2009 ne Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan suka fara amfani da ferofskait a ƙwayar sola, inda suka sami kashi 3.8. A yau ƙananan ƙwayoyin ɗakin gwaji sun haura kashi 26. Sai dai galibinsu akan ɗiga ruwan sinadarin ne a kan gilashi mai juyawa da sauri, wanda hakan ke zubar da mafi yawansa, sannan a rufe da zinare. Wannan hanya ba ta dace da babban faranti ba.

A shekarar 2014 Hongwei Han da tawagarsa a birnin Wuhan na ƙasar Sin suka fito da wani tsari mai shimfiɗa uku: taitaniyam dayoksaid, zakoniya da kabon. Akan buga kowace shimfiɗa ta cikin raga, kusan yadda ake buga rubutu a jikin riga, sannan a ɗiga ruwan ferofskait ya tsuma cikin ƙananan ƙofofinsu. Kabon ya maye gurbin zinare, kuma yana tare danshi, to amma ingancin ya tsaya a kashi 12.8.

Tushen matsalar yana cikin waɗannan ƙofofi. Idan ruwan ya bushe da gaggawa, ferofskait kan daskare tun bai cika su ba, sai a sami gurabe da tabo. A irin waɗannan wurare ne cajin da haske ya tayar ke ɓacewa kafin ya isa waya. Haka kuma kabon ba ya karɓar caji da sauƙi kamar shimfiɗar da akan tanada musamman domin hakan. Saboda haka masana suka karkata ga rage saurin bushewar ruwan, da kuma ƙara wasu sinadarai masu toshe tabon da ke fuskar taitaniyam dayoksaid. A shekarar 2024 tawagar ta Wuhan ta bayar da rahoton kashi 22.2 da wannan tsari. Ya kamata a lura cewa a ƙaramar ƙwaya aka auna wannan adadi. Idan faranti ya yi faɗi, ingancin kan ragu.