Amsoshin Tambayoyinku: Ina Asalin Tutar Bakan Gizo?

Wani mai saurarenmu da ke sayar da gwanjo a Funtuwa ya rubuto cewa idan ya kwance dila yakan tarar da riguna masu zanen bakan gizo, har wani ya ce masa alama ce ta masu neman jinsi ɗaya. Yana so ya ji gaskiyar maganar.

To malam, akwai gaskiya a ciki, sai dai ba kowane bakan gizo ba, na kayan yara galibi ado ne kawai. Tutar da ake nufi launi 6 gare ta a jere, ja a sama. Wani Ba'amurke, Gilbert Baker, shi ya ƙirƙiro ta a birnin San Francisco a 1978.

Amma gwagwarmayar ta girmi tutar, kuma da farko ba maganar aure ake ba. Ka san a da, a Amurka kanta, ana kama namiji mai neman namiji a ɗaure shi, kuma daga 1953 gwamnatin tarayya ta riƙa korar irinsu daga aiki. Wato mutum ya rasa abincinsa, sunansa ya fito a jarida, dangi su guje shi. Ranar 28 ga Yuni 1969 'yan sanda suka kai samame wata mashaya mai suna Stonewall a New York, inda suke taruwa. An saba a kwashe su ba gardama, amma ran nan suka ƙi, aka yi ta arangama dare bayan dare. Da shekara ta kewayo suka yi maci don tunawa, shi ya sa har yau watan Yuni ne watan bikinsu. Abin da suke nema: a daina kama su, a daina korarsu daga aiki da gidan haya.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun cire abin daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Aure kam sai daga baya: Holan ce ta fara halatta shi a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Amurka baki ɗaya a 2015.

Ƙasashe da yawa ba su yarda ba, bisa dalilin addini da al'ada. A nan Nijeriya, dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, shekara 10 ga mai shiga ƙungiyoyinsu.