Sarawar Soja: Abin da Ya Kamata Farar Hula Su Sani

Sarawa ita ce gaisuwar soja: ƙarami ya ƙame, ya ɗaga hannun dama zuwa goshi, babba kuma ya amsa masa da irinta. Amsawar wajibi ce, domin hafsan da aka sara wa ya share shi ma ya karya ƙa'ida. Tun a Dafo da ke Zariya ake cusa wa kurata wannan ɗabi'a, haka ma masu neman zama hafsoshi a makarantar NDA ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964.

Ba kowane mai kaki ake sara wa ba. Hakkin hafsoshi ne, daga ƙaramin laftanar zuwa janar, saboda takardar naɗin da suke riƙe da ita da sunan shugaban ƙasa. Muƙamin ake girmamawa, ba shekaru ba. Shi ya sa ake ganin samanja mai furfura yana sara wa hafsan da ya isa ya haifa, kuma babu ƙasƙanci a ciki. Kofur da saje kuwa, duk da kwarjininsu a bariki, ba a ɗaga musu hannu.

Sojan ƙasa na Najeriya ya gaji salon Ingila, inda tafin hannu ke kallon gaba; sojan ruwa kuma ƙasa yake kifa tafinsa. Akwai kuma gaisuwar harba bindiga sau 21, wadda ake yi wa shugabannin ƙasashe, ake kuma jin ta ranar 15 ga Janairu wajen tunawa da 'yan mazan jiya.

Farar hula ba a ɗora masa sarawa ba. Sai dai sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da taken ƙasa. A nan ne baƙi a bariki suka fi shiga matsala. Idan aka busa begila da ƙarfe shida na yamma don sauke tuta, kowa a bariki tsayawa yake yi cak, har masu ciniki a kasuwar mami da masu ababen hawa, sai busar ta ƙare. Wanda ya ci gaba da tafiya za a ɗauka raini ne, ko da rashin sani ne ya ja masa.

Haka nan kwaikwayon sarawa don zolaya a shingen bincike neman fitina ne, sanya kakin soja ba izini kuwa laifi ne a doka. Iyaye su ja kunnen matasa a kan waɗannan biyun, musamman masu ɗaukar bidiyon barkwanci.