Ko Ka San Wayarka Tana Duba Taswira Kafin Ta Faɗi Sunan Tsuntsu?

Idan ka ɗauki hoton tsuntsu ka ba manhajar gane dabbobi, ba hoton kaɗai take dubawa ba. Tana so ta san inda aka ɗauke shi da ranar da aka ɗauka. Hoto guda, a ce mata daga Kano yake, a sake nuna mata a ce daga Landan, tana iya ba da amsa biyu mabambanta.

Mu ɗauki Merlin, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta fitar a 2014, ta kuma ƙara mata sauraron kukan tsuntsu a 2021. Nau'o'in tsuntsaye a duniya sun haura 10,000, da yawansu kuma sai ka rantse uwa ɗaya ta ƙyanƙyashe su. Don haka Merlin ta jingina da eBird, rumbun da aka buɗe a 2002, inda masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, da wurin, da ranar. Daga nan take tace dubbai su koma ɗaruruwan da aka saba gani a yankinka a wannan lokacin, sannan ta gwada hotonka da su. Kamar mai neman Malam Musa ne a babban gari: sai ya ambaci unguwa ake iya yi masa kwatance.

A Amurka akwai wasu ƙananan tsuntsaye iri biyu da ake kira cikadi, masu baƙar hula da farin kumatu. Ko ƙwararru sukan yi kokwanto a kan hotonsu. Ɗaya na arewa ne, ɗaya na kudu maso gabas, saboda haka taswira ce ke raba gardama, sai dai a siririn yankin da suka haɗu har suke barbara da juna. Kwanan wata ma haka yake. Shamuwa takan iso ƙasar Hausa da goshin damina, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Ganinta a watan Yuni ba abin mamaki ba ne, amma a tsakiyar hunturu ya kamata manhaja ta yi jinkiri kafin ta kira sunanta.

Nan ne kuskure ke shigowa. Matafiyi ya sauka wata ƙasa, saitin manhajarsa na nan a garinsu, sai ta riƙa laƙaba wa tsuntsayen da ke gabansa sunayen na gida. Wani kuma hoto aka turo masa ta WhatsApp, wadda takan goge bayanin wurin da kyamara ta liƙa a jikin hoto, shi kuwa bai cike gurbin da hannu ba. Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan amsa kan zo da hoto mai kyau da suna ɓaro-ɓaro, sabon shiga ya karɓa hannu bibbiyu, har ya tura ta rumbun da wasu za su dogara da shi gobe.

Ko da saitin daidai yake, da sauran rina a kaba, domin tsuntsu fiffike gare shi. Wata ƙatuwar mikiyar teku da ake kira ta Steller, wadda mazauninta gabashin Rasha ne da Japan, ta ɓulla a gabashin Kanada a 2021, kafin shekarar ta ƙare aka gan ta a jihar Massachusetts. Irin wannan baƙuwa ba ta cikin jerin abin da ake tsammani a wurin, idon mutum ne ke tabbatar da ita.

Sannan ita taswirar daga rahoton mutane aka gina ta. Inda masu rahoto suka yi yawa, kamar Turai da Amurka, tana da kaifi. A Afirka ta Yamma hotuna da sautukan da aka tara kaɗan ne, sai hasashen ya yi rauni, alhali wuri irin fadamar Haɗeja da Nguru na karɓar ɗimbin tsuntsaye daga Turai duk hunturu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa-kai ne ke bin daji suna ƙirga.

Mai tsoron kada bayanin wuri ya kai mafarauta ga dabba, kamar ungulu da ake kashewa don haɗa magani, ba sai ya kashe saitin ba. Manhajar iNaturalist tana ba da damar dusashe wurin: jama'a su ga fili mai faɗin kusan kilomita 22 ta kowane gefe, ainihin gurbin kuma ya zauna a ɓoye.